Me Ya Sa Ruwan Awa Ɗaya Ke Cinye Unguwa? Darasi Daga Augustenborg da Tsofaffin Kududdufai

Akwai wata magana da nake yawan ji daga manya duk lokacin damina. Za ka ji dattijo yana cewa, "Mun fi shekara talatin a gidan nan, ruwa bai taɓa shigo mana ba sai 'yan shekarun nan." Daga nan sai a ɗora laifin a kan sauyin yanayi, ko a kan kwatar da ta toshe. Duka biyun suna da hannu. Amma akwai abu na uku da ba a cika kula da shi ba, alhali yana gaban idonmu: ƙasar da ke shanye ruwan ce muka rufe.

Bari mu fara da ɗan lissafi, don shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Idan masana yanayi suka ce an yi ruwa na milimita 1, ma'anarsa lita 1 ta sauka a kan kowace murabba'in mita. To, ɗauki gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100, wato mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ba wani katafaren gida ba ne. Idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda a watan Agusta ba abin mamaki ba ne, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 3,000. Jarka 120 kenan, irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. Gida ɗaya fa. Yanzu ka ƙirga gidajen layinku, ka ƙara da tsakar gidajen da aka dafe da siminti, da ƙofar gidajen da aka shimfiɗa wa kankare, da kwaltar titi.

Ina duk wannan ruwa zai je?

A filin da ba a gina komai ba, amsar mai sauƙi ce. Wani kaso ganyaye da ciyawa ke tarewa, wani ya nutse cikin ƙasa, wani ya koma sama a matsayin tururi. Akwai wani ƙiyasi da hukumomin Amurka suka wallafa wanda ake yawan koyar da shi a ajin kimiyyar ruwa: a ƙasar da ke da ciyayi da itatuwa, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na ruwan sama ke malala a kan doron ƙasa. A wurin da gine-gine da kwalta suka rufe kashi 75 zuwa 100 na fili kuwa, abin da ke malala yakan kai kusan kashi 55. Alƙaluman sukan bambanta gwargwadon irin ƙasa da gangaren wuri, amma saƙon bai canzawa. Ruwan saman da aka yi ɗaya ne, wanda ke bin layi kuwa ya ninka sau biyar.

Matsalar gudu ce

Yawan ruwan ma ba shi ne kan gaba ba. Abin da ke kawo ambaliya a cikin unguwa shi ne zuwansa a lokaci guda. Ka tuna fitowa daga masallacin Juma'a. Ƙofar da mutum dubu za su bi lafiya lau idan suna fita kaɗan-kaɗan cikin rabin awa, ita ce za ta cushe idan kowa ya miƙe a minti ɗaya. Haka kwalbati take. A kan ciyawa da ƙasa ruwa na tafiya a hankali, na wannan gida ya riga na wancan isa. A kan kwano da siminti kuwa ba abin da ke riƙe shi, cikin 'yan mintuna ruwan gidaje ɗari ya haɗu a bakin kwalbati ɗaya.

Dabarar da injiniyoyi suka daɗe suna bi ita ce a kori ruwan da sauri. A gina lambatu na kankare, mai santsi, miƙaƙƙe, a tura shi gaba. Wannan yana aiki ga wanda ke saman gangare. Wanda ke ƙasa kuwa shi ke karɓar kayan kowa, kuma da ƙarfi. Mu ma a matakin gida haka muke yi ba tare da mun lura ba. Wannan ya ɗaga dokin ƙofarsa, maƙwabci ya ga ruwa ya juyo wajensa shi ma ya cike gabansa da ɓaraguzai, na gaba ya ƙara bulo biyu. A ƙarshe ruwan yana tarewa ne a gidan wanda ba shi da kuɗin siminti.

Tsarin da ake kira magudanan ruwa masu ɗorewa ya juya tambayar ne. Maimakon "ta yaya za mu fitar da ruwan nan da sauri?", sai a ce "ta yaya za mu riƙe shi kusa da inda ya sauka, mu rage masa gudu, mu bar ƙasa ta sha abin da za ta iya sha, sauran ya tafi a hankali?" Akwai wata unguwa a ƙasar Suwidin da aka gwada wannan fiye da shekara ashirin da suka wuce, kuma ruwan sama da kansa ya zo ya yi mata jarrabawa.

Abin da aka yi a Augustenborg

Augustenborg unguwa ce a birnin Malmo, a kudancin Suwidin. An gina ta a ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, gidajen haya ne masu hawa, kusan gida 1,800, galibinsu mallakin kamfanin gidaje na birnin mai suna MKB. Ba unguwar attajirai ba ce. Zuwa shekarun 1980 da 1990 ta lalace, masu hali suna tashi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka addabi mazauna shi ne ambaliya.

Dalilin ambaliyar tasu yana da ɗan bambanci da namu, don haka sai na yi bayani. A tsofaffin biranen Turai da yawa, bututu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa ke ɗaukar ruwan sama da kuma ƙazantar bayan gida. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi bututun ya cika, sai abin da ke ciki ya dawo da baya, ya ɓullo a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da wuraren ajiye motoci. Ka ga ba ruwa zalla ke shiga gidajen mutane ba.

Tsakanin 1998 da 2002, hukumar birnin da kamfanin gidajen suka yi wa unguwar garambawul. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba su tone titi sun saka bututu mafi girma ba. Cire ruwan saman suka yi daga bututun, suka dawo da shi sarari inda ido ke ganinsa. Ruwan da ya zubo daga rufi yana bin ƙananan hanyoyi a buɗe, daga nan ya shiga magudanai masu ciyawa a gefe, ya faɗa ƙananan tafkuna da ke tsakanin gidaje, idan tafki ya cika ya tsiyaya zuwa na gaba. Jimillar hanyoyin ruwan ta kai kusan kilomita 6, tafkunan kuma guda 10. An kuma shuka tsirrai masu jure fari a kan wasu rufuna, har da wani lambun kan rufi mai faɗin kusan murabba'in mita 9,500 da aka buɗe a 2001. An ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke sauka a rufuna da sauran daɓaɓɓun wurare yana bi ta wannan buɗaɗɗen tsari ne.

Kowane ɓangare da aikinsa. Ciyawar da ke cikin magudana tana yi wa ruwa birki, tana kuma tace laka da dattin titi. Tafki yana karɓar ruwa da yawa a lokaci guda, amma mafitarsa ƙarama ce, don haka yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Akwai kuma wuraren da a ranakun da ba ruwa filin wasa ne ko wurin zama, an dai yi su ƙasa-ƙasa da gangan domin ranar da aka yi mamako su cika maimakon gidaje. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce a ganina ta fi kowacce wayo: an yarda cewa ruwa zai kwanta a wani wuri ko ana so ko ba a so, sai aka zaɓa masa wurin da ba zai yi ɓarna ba.

An kuma sa mazauna unguwar cikin tsara aikin. Har wani daga cikinsu ne ya ƙirƙiro wata irin kwata mai ƙulle-ƙullen kankare a ƙasanta masu siffar ɗigon ruwa, waɗanda ke sa ruwa ya riƙa juyawa yana wanke hanyarsa da kansa. A 2010 aikin ya samu lambar yabo ta duniya kan samar da matsuguni.

Lambar yabo dai ba ta hana ambaliya. Jarrabawar gaske ta zo ranar 31 ga Agusta, 2014, lokacin da aka tafka ruwa fiye da milimita 100 a Malmo cikin 'yan awoyi. Birnin ya sha wahala, gidaje da dama suka cika, hanyoyi suka yanke. Daga baya wasu masu bincike, cikinsu har da Johanna Sörensen ta Jami'ar Lund, suka yi wani abu mai ma'ana: suka tattara bayanan mutanen da suka nemi diyya daga kamfanonin inshora, suka kwatanta Augustenborg da unguwanni masu kama da ita a shekaru da tsarin gini. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna ɓarnar da aka samu a Augustenborg ta yi ƙasa sosai da ta takwarorinta da suka dogara da bututu kaɗai. Ba wai ko ɗigo bai shiga ko'ina ba. Amma bambancin a bayyane yake.

Mun taɓa samun irinsa

Ranar da na fara karanta labarin tafkunan nan guda 10, abin da ya faɗo mini a rai shi ne kududdufi. Duk wanda ya san tsohon birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ya san ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda damina ke cikawa. Ba wanda ya zauna ya zana su a takarda a matsayin maganin ambaliya, amma aikin da suke yi kenan. Ruwan indararo ya sauka tsakar gida, wadda ƙasa ce, ta sha nata. Ragowar ya fita ta kwata, ya bi lungu, ya faɗa kududdufin unguwa, ya kwanta a can yana nutsewa yana ƙafewa. Rijiyoyin da ke kewaye ma suna amfana, don ruwan da ya nutse shi ke ciyar da su.

Abin da ya faru da kududdufai da yawa sananne ne. Sun zama juji, aka cike su da shara, daga baya aka yanka filaye aka yi gini a kai. Ba zan yi musun cewa da yawansu sun zama abin ƙyama ba: wari, sauro, ga yara da ke faɗawa. Wanda ke maƙwabtaka da irin wannan rami yana da hujjar murna ranar da aka cike shi. Sai dai ruwan da ramin ke karɓa bai daina zuwa ba. Kududdufi mai faɗin mita 50 da tsawon mita 50, idan yana da sararin ƙarin zurfin mita 1 kawai, zai ɗauki lita miliyan 2 da rabi. Da lissafinmu na farko, wannan ruwan rufin gida sama da 800 ne. Ranar da aka cike ramin, wannan ruwa sai ya nemi wani masauki, kuma gangaren ƙasa bai manta hanya ba. Shi ya sa gidajen da aka gina a kan tsohon kududdufi, da na kusa da su, su ne kan gaba wajen shan ruwa.

Abin da za a iya ɗauka, da abin da ba za a iya ba

A nan sai an yi hattara, domin Malmo ba Kano ba ce. Kano tana samun ruwan da ya fi na Malmo a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne cikin wata huɗu zuwa biyar, sau da yawa da ƙarfi. Sannan ga dogon rani. Rufi mai tsirrai, alal misali, ban ga yadda zai yi a kan kwano da katakon da muke rufi da su ba. Nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa kaɗai ya isa matsala, balle wanda zai shayar da shi a watan Maris. Wannan a ajiye shi gefe.

Sauro kuma ba abin wasa ba ne a wurinmu. A Suwidin tafki mai ruwa duk shekara ado ne. A unguwar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ruwan da ya kwanta barazana ce. Amma kimiyya ta ba mu tazara a nan. Sauro na buƙatar kamar mako guda zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa mai tashi, kuma duk wannan lokaci a cikin ruwa yake yinsa. Don haka ƙa'idar da masu tsara irin waɗannan wurare ke bi ita ce ruwan ya ƙafe cikin kwana biyu, in ya daɗe uku. Abin da ya dace da mu kenan: kwari mai bushewa, wanda ke cika ranar ruwa, ya tsotse kafin jibi. Kwatar kankare da leda ta toshe, wadda ruwa ke kwana a cikinta wata da watanni, ita ce ma gidan sauro na gaske.

To me mai gida ɗaya zai iya yi? Abu na farko bai buƙatar ko kwabo: kada a dafe tsakar gida gaba ɗaya. A bar wani ɓangare da ƙasa, ko tsakuwa, ko bishiya. Masu saka intalok su sani cewa yana barin ruwa ya nutse ne kawai idan an shimfiɗa shi a kan yashi da tsakuwa kuma an bar tsakaninsa a buɗe. Idan aka zuba kankare a ƙarƙashi, ko aka toshe tsagogin da siminti, sunansa daɓe.

Na biyu, tara ruwan rufi. Duro ɗaya lita 200 yake ci, wato cikin lita 3,000 ɗin nan bai ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma ba, don haka kada a yaudari kai. Tanki mai lita 1,000 ko 2,000 shi ne ke yin tasiri. Kuma akwai sharaɗi da ake mantawa: tankin da ke cike ba ya tare komai. Sai an yi amfani da ruwan, a wanki ko ban-ruwa, kafin hadari na gaba ya haɗo. A rufe bakinsa kuma saboda sauro.

Na uku shi ne ɗan kwarin lambu. Wuri ne da ake haƙawa ƙasa kaɗan, a gauraya ƙasarsa da yashi da taki, a shuka abin da ke jure jiƙa da fari, a juyo da ruwan rufi cikinsa. Kwari mai faɗin mita 3 da tsawon mita 5, zurfin santimita 20 kacal, yana ɗaukar lita 3,000 cif. Wato ruwan rufin nan namu gaba ɗaya, tun ma kafin ƙasa ta fara sha. Na san ba kowane gida ke da wannan fili ba, musamman a cikin gari inda gida ke manne da gida. A irin wannan wuri maganar ta koma ta unguwa: harabar makaranta, filin ƙwallo, gefen titi, filin idi, da kududdufan da suka rage. Filin ƙwallon da aka sauke ƙasansa da rabin mita zai hana yara wasa na kwana ɗaya ko biyu bayan mamako, amma zai ɗauke wa layuka da dama nauyi.

Akwai wuraren da bai kamata a nutsar da ruwa ba ko kaɗan. Kusa da gini na farko: a Birtaniya ƙa'idar gini ta ce ramin tsotse ruwa ya yi nesa da gini da aƙalla mita 5, kuma ga mai ginin ƙasa wannan ya fi zama wajibi, don katangar da gindinta ya jiƙe ita ke faɗuwa cikin dare. Sai kusa da masai ko sokawe, musamman idan akwai rijiya a kusa, domin ruwan da ke nutsewa zai iya jan ƙazanta zuwa ruwan sha. Haka kuma wurin da ake zubar da baƙin mai ko ruwan rini. Ƙasa tana tace laka da wasu ƙwayoyin cuta, amma ba komai take tacewa ba.

Irin ƙasar ma tana da magana. Jigawa tana shan ruwa nan da nan. Ƙasa mai yumɓu, ko wadda marmara ke kusa da samanta, ko fadamar da ruwan ƙasa ya riga ya taso, ba za su sha abin kirki ba. Gwajin mai sauƙi ne: a haƙa rami mai zurfin kamar santimita 30 zuwa 50, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa, a kuma sake. Ciko na uku shi ne abin lura, don a lokacin ƙasa ta ƙoshi kamar yadda take yi a tsakiyar damina. Idan ya ƙafe cikin yini, wurin zai yi. Idan washegari ka tarar da ruwan yana kallonka, to a nan sai dai a riƙe ruwa a sake shi a hankali ta ƙaramar mafita zuwa lambatu.

Sai iyakar abin. Wannan tsari maganin ruwan da ya sauka a cikin unguwa ne. Ba ya tare kogin da ya cika ya batse, ba ya tare madatsar da ta ɓalle. Abin da ya auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta fashe, ba abu ne da kwarin lambu ko tanki zai hana ba. Ko a ruwan sama zalla ma akwai inda ƙarfinsa ke ƙarewa. Birnin Zhengzhou na ƙasar Sin ya kashe maƙudan kuɗi a kan irin wannan tsari, amma ranar 20 ga Yuli, 2021, da ruwa sama da milimita 200 ya sauka cikin awa ɗaya, birnin ya nutse. Saboda haka duk wanda ya ce maka a daina gina lambatu da kwalbati, bai fahimci maganar ba. Ana buƙatarsu. Abin da ake so shi ne a rage abin da ke isa gare su a minti goma na farko, kuma a tanadi hanyar da rarar ruwa za ta bi ranar da komai ya cika.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da mu ba kimiyyar ba ce, shara ce. A Augustenborg akwai ma'aikatan da aikinsu ne su kwashe ganye da laka daga hanyoyin ruwa, su yanke ciyawa, su duba mafitar tafkuna. Duk wani kwari da aka haƙa a unguwa ba tare da an san mai kula da shi ba, cikin damina biyu zai koma juji, ledoji su toshe mafitarsa, laka ta like ƙasansa ya daina tsotsewa. Don haka kafin a sa diga a ƙasa, a zauna da mai unguwa da masu gidajen layin a amsa tambayoyi uku: wa zai kwashe shara, sau nawa, kuma ina za a kai ta? Aikin gayyar yashe kwata da ake yi gab da damina ya riga ya zama al'ada a unguwanni da yawa, sai dai sau da yawa abin da aka yaso ana tara shi ne a bakin kwatar, ruwan farko ya mayar da shi ciki.